Ƙugiyar da Na Cire

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga 'yata Hindatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Legas lafiya, ke da kayanki, babu abin da ya taɓa ki a hanya. Allah ya kiyaye ki daga sharrin gari da sharrin mutanensa, ya haɗa ki da na kirki a wurin aikin da za ki fara.

Labarin gida ba zan ba ki ba, yanzu kika bar shi. A ƙasan jakarki, ƙarƙashin atamfofi, za ki ga tsohuwar kwamfutata naɗe cikin tawul. Ba mantuwa ba ce, ni na sa ta da hannuna. Na so in yi miki bayani baki da baki, amma kin san halina, da na fara magana mai nauyi sai in koma faɗa, ke kuma ki sunkuyar da kai kina "to, Baba" har in gama ba mu ce komai ba. Shi ya sa na zauna na buga miki wannan, da haruffa manya-manya kamar na allon talla, don su kaɗai idona yake iya kamawa yanzu.

A cikin kwamfutar nan akwai Ɗan'aike, manhajar saƙon da muke amfani da ita a gida, a cikin Ɗan'aike kuma akwai muryar Ummanki. Duk duniya babu inda ta rage sai nan. Manhajar ta daina buɗuwa, kuma ba za ta sake buɗuwa ba sai an haɗa ta daga tushe. Ni na kasa. Hawan jinin idon nan ya cinye min gefe da gefe, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ke ce kika karanci abin, ke za ki gwada. Amma kafin ki danna ko maɓalli ɗaya, ki karanta yadda na kai mu ga wannan hali, don kada ki taka inda na taka.

Kina makarantar kwana lokacin da na samo manhajar. Abin da ya ja ni gare ta shi ne masu ita sun bar kod ɗinta a fili, wato asalin rubutun da ake haɗa ta da shi, kowa ya ɗauka ya duba ya gyara. Kuma saƙonnin ba sa zama a wurin kowa sai a na'urar mai aikawa da ta mai karɓa, a kulle. Ummanki Hausa take karantawa, tar-tar kuwa, amma Turanci sai dai ta harare shi. Ranar da na sa mata ita a waya ta juya ta ta juya, ta miƙo min.

"Malam, wannan abin naka Turanci yake min. Ni me na yi masa?"

Sai na zauna na mayar da kowace kalma Hausa, na haɗa ta a kan Linux, tsarin da kwamfutata ke aiki da shi, na haɗa ta Android don wayarta. Ita ta raɗa mata suna Ɗan'aike. Daga baya yayanta, Kawunki Sale na Aujara, ya shigo, muka zama mu uku a zauren hira ɗaya a cikin manhajar. Ke da kika samu waya cewa kika yi abin tsofaffi ne. Ban ga laifinki ba, gaskiya kika faɗa.

Ranar da ta fara haɗuwa a hannuna na ɗauka na iya. Ban iya ba, sa'a na taka. Manhaja irin wannan ba ta tsayuwa ita kaɗai, tana jingine ne a kan wasu ƙananan manhajoji masu yawa, kowacce da irin fitowar da ake buƙata, ba wadda ta girme ta ba, ba wadda ta biyo bayanta ba. Masu ita sun rubuta bayanin haɗawa sun ajiye shi a bakin ƙofa, na Linux daban, na Windows daban, na Mac daban. Ni kuwa shekara da shekaru ina gyaran kwamfutocin makaranta, wa zai koya min? Na leƙa shi sama-sama na wuce. Duk lokacin da kwamfuta ta yi ƙorafin ta rasa wani abu, sai in sauko da duk abin da hannuna ya kai in cusa mata har ta yi shiru. Da ta haɗu ban san wanne ne ya yi maganin ba, kuma ban rubuta ko ɗaya ba. Yau da za ki tsare ni ki ce in faɗi da me na haɗa Ɗan'aike, sai dai in yi ta kame-kame.

Saboda haka, Hindatu, duk abin da kika haɗa, a wurin aiki ne ko a ɗakinki, ki rubuta abin da kika sa da fitowarsa, ki ajiye a jikin kod ɗin, a lokacin da kike yi, ba sai kin gama ba. Kada ki yarda cewa abu ya haɗu don kawai ya haɗu a kwamfutarki. Ki kai shi wata kwamfutar da ba ta taɓa ganinsa ba, ki bi rubutunki layi-layi kamar baƙuwa. In ya haɗu a can, to ya haɗu.

Sannan ga zuciya. Kin gaje ta a wurina, don haka ki saurara da kyau. Akwai lokacin da na ga wata matsala a manhajar, na rubuta wa masu kula da ita dogon bayani da Turancina na makaranta, na yi gaisuwa, na yi godiya, na yi addu'a. Wani a cikinsu ya amsa min da layi biyu, babu ko sannu: in faɗi irin kwamfutar da fitowar manhajar, in ba haka ba za su rufe maganar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na wuni ina huci a tsakar gida, Ummanki tana tsince shinkafa tana kallona.

"Wai wa ya taɓa min kai?"

Na gaya mata.

"Mutumin da ba ka taɓa gani ba, shi kake wa wannan fushin? Ya ma san kana yi?"

"Raini ne," na ce.

"To Allah ya huci zuciyarka. Ni dai na ga tambaya ya yi."

Tambaya kuwa ya yi, kuma tambayar da ta dace. Ban amsa ba. Daga ranar na ja gefe na ci gaba da gyare-gyarena ni kaɗai. Har yadda manhajar take ajiye saƙon murya na canza, don ya yi sauƙin tafiya a raunin sabis ɗin Aujara. Gyaran ya yi kyau, ban kuma aika musu da shi ba, don ina fushi. Su suka yi gaba da tasu, ni na tsaya da tawa, har suka yi nisan da sabuwar fitowarsu ba ta gane ajiyar Ɗan'aike. Da na zauna a cikinsu, yau sauko da sabuwa kawai za ki yi ki buɗe. A wurin aikinki za ki haɗu da masu gajeriyar magana irin wannan da yawa. Ki ɗauki abin da aka tambaye ki ki amsa, ki bar sauran. Abin da kika gyara kuma ki mayar wa masu shi, ko da sun karɓa babu godiya.

Maganar Kawunki kin san ƙarshenta, amma ba ki san ta fuskar aiki ba, kuma ta fuskar aikin ce za ta yi miki amfani.

Kawu Sale ba ya son waya, ya ce rubutunta kamar ƙwayar gero. Yana da wata kwamfuta mai Windows tun yana hedimasta, ita ya ce in sa masa. Na kwashi kod ɗin na kai kan Windows, haɗawa ta tsaya cak. Na duba na duba, sai na gano fassarata ce. Kayan haɗawar da nake amfani da su a can suna karanta rubutu ne da wani tsohon tsari da bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Da sun iso kan ƙ ko ɗ ko ɓ sai su rikice. A Linux babu wannan damuwa, shi ya sa ban taɓa lura ba. Maganin abin layi ɗaya ne tak, a gaya wa kayan haɗawar wane tsari za su karanta rubutun da shi, kuma yana nan a cikin bayanin Windows ɗin da ban karanta ba. Ni abin da na yi, na rubuta ɗan umarni ya bi fassarar kaf ya cire kowace ƙugiya. Na ce ai haka kowa yake rubutu a waya, Bahaushe zai gane daga ma'ana. Nan take ta haɗu. Na hau motar Jahun na kai masa har gida ina jin kaina.

A cikin manhajar akwai maɓallai biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na sama na fassara shi "Kare hira", shi ne ke sa wa hira kalmar sirri don kada wani ya taɓa ta. Na ƙasa "Ƙare hira", shi ne ke rufe ta ya goge duk abin da ke ciki. A kwamfutar Kawu duka biyun suka koma "Kare hira". Shekaru suna nan a haka, babu wanda ya kula, don babu wanda ya taɓa buƙatarsu.

Bayan rasuwar Ummanki, da aka raba kayanta, wayarta ta tafi hannun wata 'yar uwarta a Taura, aka goge ta aka sa sabon layi. Ban hana ba, a lokacin ba na cikin hayyacina. Kawu kuwa kullum bayan la'asar sai ya buɗe kwamfutarsa ya saurari ƙanwarsa. Jikokinsa suka fara wasa da kwamfutar, ya ji tsoron kada su ɓata masa. Ya nemi inda zai kare hirar, ya ga wuri biyu iri ɗaya, ya danna na ƙasa. Manhajar ta tambaye shi, da Hausar da ni na rubuta, "Ka tabbata kana so ka kare wannan hira?" Ya ce e. Ya koma zauren mu uku, shi ma ya yi masa haka.

Da ya kira ni, muryarsa ƙalau, har da 'yar dariya.

"Malam Idi, na kulle ƙanwata Balaraba na kasa buɗewa. Yaya ake yi ne?"

Na ce ya karanta min abin da ya danna. Ya karanta. Na ce na sama ko na ƙasa? Ya ce na ƙasa, ai duk ɗaya ne. Na ce masa gobe ina nan tafe.

Washegari na je Aujara. Na same shi a zaure kan buzu, kwamfutar a gabansa a buɗe. Na duba duk inda ake dubawa, ko da yake tun a mota na san babu. Manhajar an yi ta ne don in ta goge ta goge, wannan yana cikin abin da na yaba mata tun farko. Na yi masa bayanin ƙugiyar. Tsohon malamin makaranta ne, shekara nawa yana dukan allo a kan wannan ƙugiyar, bai buƙaci in maimaita ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wato ƙare na danna."

"Ƙare ka danna, Yaya. Ni na cire ƙugiyar."

"Ikon Allah," ya ce. Can ya ƙara, "Yaran aji biyu nake hana wa wannan."

Bai ƙara ko kalma a kai ba, daga ranar har yau. Ya sa aka kawo min fura, na sha don kunya, ban ji ɗanɗanonta ba. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, ya ce, "Amma taka tana nan ko?" Na ce tana nan. Ya ce, "To alhamdulillahi, wata rana ka zo min da ita."

Abin da nake so ki riƙe a nan: idan abu ya ƙi haɗuwa a wani tsarin, kada ki yanke masa gaɓa don ya shiga. Ki tsaya ki gano abin da tsarin yake nema. Kuma duk abin da kika haɗa wa wani, ki zauna a gaban irin na'urarsa ki karanta kowane maɓalli da idon wanda bai san komai ba. Inda kuma dannawa ɗaya za ta iya goge abu, kada ki bar bambancin ya rataya a kan harafi guda. Da "Goge hira" na rubuta tun farko, da duk wannan bai faru ba.

Za ki ce, to me ya hana ni kai masa tawa a satin? Ko in kunna saƙonnin in naɗe su da wata wayar? Tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum. Gaskiyar ita ce na kasa saurara. Shi Kawu jin muryarta yana sanyaya masa rai, ni kuwa ko sunanta na gani a allon sai in kau da kai. Na kwafi foldar ajiyar na sa a wani faifan, na ce ai na yi abin da ya kamata. Ban tsaya na tuna cewa kwafin abu ne a kulle ba, wanda Ɗan'aike kaɗai ke iya buɗewa. Na rufe kwamfutar na sa a durowa, ina cewa sai na samu ƙarfin zuciya.

Ranar da na samu ƙarfin zuciyar, wata safiya ce bayan ruwa ya ɗauke. Na kunna ta, ta ce akwai sabuntawa da yawa da suka taru, in yi? Hannuna ya riga kaina, na danna e, kamar yadda na saba yi wa kwamfutocin makaranta shekara da shekaru. Ta sabunta komai, har da ƙananan manhajojin nan da Ɗan'aike ke jingine a kansu. Da ta gama na danna shi, ya yi kamar zai buɗe ya koma. Na ce ba komai, in sake haɗa shi. Nan rubutun kurakurai ya dinga zubowa yana gudu sama. Da can a irin wannan rubutun nake kamo matsala tun kafin ya tsaya. Yanzu in na ƙara girman haruffan, kalma uku ke cika allon, kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Na yi ta fama har idon ya fara zubar da ruwa, na haƙura. Abin da kike jin tsoronsa, Hindatu, ki yi shi tun yana yiwuwa. Na'urar da ke riƙe da abin da babu irinsa kuma, kada ki sabunta ta sai kin fitar da abin kin ga ya buɗu a wani wurin.

Yanzu ga yadda nake ganin za ki ɓullo wa aikin, in kin ga hanyar da ta fi, ki bi taki. Kafin komai ki kwafi faifan kwamfutar gaba ɗayansa, ba foldar kaɗai ba, ki ajiye ta asalin a gefe, ki yi aiki a kan kwafi. Kin ce Mac za su ba ki a ofis. Kada ki yi saurin haɗawa a kansa. Mabuɗin ajiyar ba ya cikin foldar saƙonni, yana can inda Linux ke ɓoye mabuɗai, Mac kuwa nasa wurin daban ne. In Ɗan'aike ya tashi a Mac ya nemi mabuɗi bai gani ba, ina tsoron ya ɗauka sabon shiga ne, ya ƙirƙiri sabo ya shimfiɗa a kan tsohon. Akwai kuma fayil biyu a cikin gyarana masu suna ɗaya, bambancinsu babban harafi da ƙarami. Linux yana ganinsu biyu, Mac zai iya ɗaukarsu ɗaya ya haɗiye guda. Abin da ya fi, ki tayar da tsohon Linux na shekarun nan a cikin kwamfutarki, ki nemo tsofaffin kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya har ki dace. In kin maƙale, ki je wurin masu manhajar ki tambaya. Ki faɗi irin kwamfutar da fitowar tun a layin farko. Wataƙila mutumin nan mai layi biyu yana nan, in kin same shi ki yi masa ladabi.

Kada ki sa ran jin wata babbar magana a ciki. "Malam, ka biyo da daddawa." "Malam, akuyar maƙwabta ta sake shigowa." Gaisuwar safiya da take yi wa Kawu, tana tsokanarsa wai ya tsufa ya ƙi yarda. Irin waɗannan ne. Amma hotunanta sun riga sun zame min inuwa, kuma kwanakin baya na zauna ina so in tuno yadda take jan kalmar "Malam" in tana shirin yi min tsiya, na nema na rasa. Abin ya tsorata ni fiye da maganar likita.

Duk da haka ban aike ki Legas don ki zauna gadin tsohuwar kwamfuta ba. Aikinki shi ne gaba. Ki taɓa wannan ranar da kika samu sarari, in kin gaji ki rufe. In kin yi iya yinki ya ƙi, ki gaya min gaskiya kai tsaye, kada ki yi ta ce min saura kaɗan don ki lallashe ni. Ba ke kika kulle ta ba, babu abin da zan riƙe ki da shi, duniya da lahira.

In kuwa Allah ya sa ta buɗu, kada ki fara kirana. Kawunki jikinsa ya yi nauyi tun bayan sallah, yanzu ko masallaci sai an riƙe shi. Duk zuwan da na yi Aujara sai ya dubi hannuna kafin ya dubi fuskata. Ni sau ɗaya na rasa ta, shi sau biyu. Ki kira shi, ki buɗe zauren mu uku, ki kara wayar a jikin kwamfutar, ki bar shi ya ji har ya ce ya isa. Ni zan jira.

Allah ya tsare min ke a fitarki da shigarki, ya kare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani, ya sa albarka a hannunki da idonki. Allah ya jiƙan Ummanki, ya haskaka kabarinta, ya ba Kawunki lafiya da tsawon kwana. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa cin abinci.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idris